An Ba Manomi Umurni, An Hana Shi Dalili

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na kuwa ga babu inda ya fi dacewa in amayar da ita kamar shafukan wannan mujalla tamu, tun da yake malamai da ɗalibai ne ke karanta ta, su ne kuma maganar ta shafa. A jami'o'inmu ana bincike a kan ruwan sama da fari da zafi da ambaliya, ana samun digiri da ƙarin girma da binciken, ana tafiya taro ƙasashen Turai da shi, amma mutumin da ruwan nan yake sauka a gonarsa, ko ya ƙi sauka, ba abin da yake isa kunnensa daga ciki sai umurni. Ku daina sare itatuwa. Ku dasa bishiya. Ku tashi daga bakin kogi. Dalilin kuwa an bar shi cikin Turanci, a kan kanta, a ɗakin karatu, ƙura tana hawansa. Ni a ganina wannan raini ne, kuma rainin ya jawo ɓarna wadda zan nuna ta da hujja.

Bari mu fara da sunan abin kansa. Gidajen rediyo sun saba mana da "sauyin yanayi", har mun ɗauka kowa ya gane. To, mai karatu, je ka kasuwa ka saurara. In mutum ya tashi da mura a farkon hunturu, za ka ji ya ce canjin yanayi ne ya kama shi. In bazara ta kama aka shiga kwana a waje, nan ma yanayi ya sauya. Watau a kunnen Bahaushe sauyin yanayi abu ne da ake yi sau uku ko huɗu kowace shekara tun zamanin kaka da kakanni, ba kuma wanda ya taɓa kiran taro a kansa. Masana kuwa abin da suke nufi daban ne. Suna nufin halin sama na wuri in an auna shi shekara talatin a jere, aka ga cewa shi kansa ma'aunin ya gusa. Kalma ɗaya, "yanayi", mun ɗora mata kaya biyu, na yini guda da na shekaru talatin, sa'an nan muna mamakin don me tsoho yake jin sanarwar ya ci gaba da jan casbinsa. Ai a iyakar abin da ya ji, ba a gaya masa sabon abu ba.

Wasu 'yan boko, har da waɗanda muke zama aji ɗaya da su, sukan ce wai Hausa ba za ta iya ɗaukar kimiyya ba. To ga kimiyyar, a gani in ta faɗi. Hasken rana yana ratsa iska ya sauka a ƙasa ya gasa ta, ƙasa kuma ta mayar da zafin sama. A cikin iskar da ke kewaye da duniya akwai wani ɗan kaso, iskar kabon, wadda take barin haske ya shigo amma take tare wani sashe na zafin da zai fita, kamar yadda bargo ba ya ƙirƙirar ɗumi, sai dai ya riƙe wanda jikinka ya fitar. Ba don ita ba da duniya ta daskare. Ita wannan iska tana fitowa duk inda aka ƙona kwal ko fetur ko gas ko itace. Kafin Turawa su kafa masana'antu, in ka kasa iska kashi miliyan, kimanin 280 ne nata. Da wani Ba'amurke, Charles Keeling, ya fara auna ta a kan dutsen Mauna Loa a 1958, ya tarar da ita wajen 315. A 2024 ta haura 420. Bargo ya yi kauri ke nan, shi ya sa 2024 ta fi duk shekarun da aka auna kafin ta zafi, da kimanin digiri ɗaya da rabi a kan yadda duniya take kafin masana'antu. Iska mai ɗumi kuma ta fi ɗaukar tururin ruwa, wajen kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya, saboda haka in hadari ya tashi zubarwa sai ya zubar da yawa a lokaci guda. Ina abin da ya gagari Hausa a nan? Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya yi lissafin nan tun 1896. Shekara fiye da 120 ke nan, amma har yanzu ana ce wa mutanenmu "masana sun ce" kawai, kamar masanan wasu aljanu ne da ba a tambayarsu hujja.

Yanzu ga ɓarnar da na ce zan nuna. Duk wanda ya yi firamare a Arewa ya haddace cewa hamada tana kwararowa kudu, kuma manomi mai gatari da makiyayi mai garke su ne suka jawo ta. Wannan magana tana da tarihi, tarihin kuma ba a karantar da shi. A 1935 wani Baturen gandun daji, E. P. Stebbing, bayan ya zagaya ƙasashen nan, ya rubuta cewa Sahara tana gab da cinye Arewacin Nijeriya. Hankalin 'yan mulkin mallaka ya tashi, Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti ya bi iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 da 1937, ya dawo ya ce bai ga alamar hamada tana tafiya ba. Magana ta lafa. Da farin 1972 da 1973 ya halaka dabbobi da mutane sai ta sake tashi da ƙarfinta. A 1975 wani babban masanin sararin sama na Amurka, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa dabbobi sun cinye ciyawa, ƙasa ta yi fari fat tana mayar da hasken rana sama, wannan kuma yana hana hadari haɗuwa. A shekarar dai wani mai suna Hugh Lamprey ya yi shawagi da jirgi a kan Sudan, ya gwada abin da ya gani da wata taswira ta 1958, ya ce hamada tana cin kilomita biyar da rabi kowace shekara. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taro a Nairobi a 1977 a kan haka. Daga nan magana ta shiga littattafan makaranta, ta shiga bakin gwamnoni ranar dashen itatuwa, ta shiga rediyo da Hausa tsantsa. Lura da kyau, ya mai karatu, wannan kashi na labarin, kashin da ya ɗora wa talaka laifi, ba a sha wahalar fassara shi ba.

Amma bincike bai tsaya a 1977 ba. A 1986 masana na hukumar hasashen sama ta Ingila, Folland da abokan aikinsa, suka nuna cewa ruwan Sahel yana bin zafi da sanyin tekunan duniya. A 1991 Compton Tucker da abokansa suka duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekara goma sha ɗaya, suka ga bakin hamada yana gaba yana baya ne gwargwadon ruwan shekara: ya gangaro kudu har 1984, da ruwa ya samu a 1985 ya koma arewa fiye da kilomita 100 a shekara guda. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba kwamfuta yanayin zafin teku kaɗai, ba su gaya mata kome game da akuya ko gatari ba, sai ga ta ta fitar da farin shekarun 1970 da 1980 kusan yadda ya faru. Wasu binciken kuma suka nuna cewa hayaƙin farar wuta na masana'antun Turai da Amurka ya sanyaya arewacin tekun Atilantika, abin da ya taimaka wajen tura damina kudu. Ashe an bar jaki ana dukan taiki. Masu iya magana sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan wanda bai ja kome ba shi ya sha dukan, aka kuma bi shi da zargi. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa a shekara.

To, wa ya koma ƙauye ya gaya wa Bafulatanin da aka zaga a 1975 cewa an sake duba shari'arsa? A wace tasha aka karanta? Gyaran ya tsaya a mujallun Turanci, zargin kuwa yana nan yana yawo da Hausa. Kada wani ya juya mini magana, ban ce sare itace ba ya ɓata ƙasa ba. Yana ɓatawa ƙwarai, wanda ya ga tuddan rairayi a wajen Yusufari, ko ya ƙirga motocin itacen girki da ke shiga Kano kullum, ba ya bukatar a rantse masa. Sai dai zaizayar gona abu ɗaya ne, ɗaukewar damina daga Senegal har Sudan abu ne daban, wanda ya gauraya su kuwa ko dai bai sani ba, ko yana so a manta da masu manyan masana'antu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, wani sashe na gyaran nan a cikin gidanmu aka yi shi. Michael Mortimore ya karantar da labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero shekaru fiye da ashirin. Ya bi manoman kewayen Kano da na ƙauyen Dagaceri shekara da shekaru, ya nuna yadda mutane masu yawa a ƙasa kaɗan suke riƙe gona da taki da itatuwa ba tare da ta mutu ba, ya kuma tara wannan a littafinsa na 1989 a kan yadda manoma suke jure fari. Michael Watts ya zauna a ƙasar Katsina ya rubuta tarihin yunwa a Arewa, littafin ya fito a 1983, a ciki har da Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Da Hausa aka yi hirarrakin nan. Tsofaffi ne suka zauna a kan buzu suka ba da abin da ke kansu kyauta. Jikokinsu kuwa in suna son karanta abin da kakanninsu suka faɗa, sai sun fara koyon Turancin da ake rubuta digiri na uku da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Rashin bayanin bai tsaya ga tarihi ba, yana cin mutane yanzu. Damina ta farfaɗo bayan shekarun 1980, amma da wani hali ta dawo. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun 1982. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. Mutumin da aka yi shekara arba'in ana gaya masa cewa bushewa ce abokiyar gabarsa, don me ba zai gina gida a kan hanyar ruwan da ya ga ta bushe tun yana yaro ba? Haka kuma tafkin Chadi. Gaskiya ne ya faɗo daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa ɗan abin da bai kai ushirin haka ba a shekarun 1980, amma hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna ya daina ƙanƙancewa tun shekarun 1990, masu jawabi kuwa har gobe cewa suke yi yana ƙafewa.

Da yake ba a bayyana wa jama'a iyakar abin ba, sai "sauyin yanayi" ya zama mayafin da mai laifi ke lulluɓa da shi. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban sashe na Maiduguri. Ruwan sama ya yi yawa a shekarar, ba musu. Amma iskar kabon ba ita ke da alhakin duba bangon madatsa ba, ba ita ke ba da fili a kan magudanar ruwa ba, ba ita ke cika lambatu da leda ba. Wanda ya san dalili zai iya raba abin da ya zo daga sama da abin da ya zo daga ofis, ya kuma san wanda zai tuhuma. Ina zaton wannan na cikin abin da ya sa wasu ba sa ɗokin a yi bayanin.

Na san abin da malamanmu na sashen kimiyya za su ce, Allah ya gafarta musu. Za su ce bincike cike yake da kokwanto, in ka gaya wa talaka "mai yiwuwa" zai ɗauka ba ka sani ba, gara a ba shi magana ɗaya yankakkiya. Wannan hujja ba ta karɓu ba. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, wanda aka kafa a 1988, yana da matakala ta kalmomi: wata kalma tana nufin tabbacin ya kai kashi 66 cikin 100, wata 90, wata 99. Shin wannan baƙon abu ne a ƙasar da almajirin zaure yake rarrabe yaƙini da zato da shakka da wahami tun bai yi gemu ba? Manomin da yake yin binne kafin ruwan fari, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa bisa rinjayen zato, ya kuma ajiye wani irin ko da na farko zai ƙone, shi za a koya wa zama da kokwanto? Ai da shi yake kwana yake tashi. Wanda ba ya yarda da shi shi ne mai cika baki, wanda ya ce tabbas za a yi ruwa ran Talata, Talata ta zo ta wuce rana tana ƙwallewa. Sau ɗaya za ka yi masa haka ya daina sauraronka.

Za su kuma ce mutanenmu suna ɗaukar hasashen ruwa tamkar duba ne ko shiga ikon Allah. Akwai masu faɗin haka, amma laifin mai kawo saƙon ne da bai san ƙofar gidan ba. Malaman ƙasar nan sun daɗe suna lissafin taurari 28, kowane da kwana 13, manoma suna zuwa suna tambayarsu wane tauraro ake ciki kafin su yi shuka. Tsoho yakan dubi gabas ya shinshina iska ya ce a kwashe shanya. Ba wanda ya kira su bokaye. Ma'aunin ruwa da tauraron ɗan'adam idanu ne da suka fi nasa hangen nesa, ba su ce su ke saukar da ruwan ba. In an faɗa haka, da bakin wanda jama'a suka yarda da shi, rigimar ta ƙare. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranakun da ake sa ran faruwar ruwa da ɗaukewarsa, ta kuma fara fassara taƙaitawarsa da Hausa, wannan abin yabo ne. Sai dai takarda a intanet ba ta kai kanta gindin bishiyar da ake hira. Kuma faɗin rana kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da abin yi: in damina gajera ce, ga gero irin Sosat mai saurin nuna, ga waken da cibiyar bincike ta Samaru ta fitar, ga inda ake samunsu.

Wanda yake shakkar cewa manomi yana aiki da dalili in an ba shi, ya tsallaka Maraɗi. A farkon shekarun 1980 an yi ta dasa itatuwa a can suna mutuwa. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai aikin gona, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Aka zauna da manoma aka yi magana da Hausa: a bar reshe kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran. Aka kira abin sassabin zamani, suna da kowa ya ji ya san inda aka dosa. Da manoma suka tabbata cewa itacen da suka raina nasu ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba, sai maƙwabci ya riƙa koya daga maƙwabci. Bayan shekara ashirin da 'yan kai masu bincike suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, galibinsu gawo da ire-irensa. Mutanen nan fa su ne aka ce su suka jawo hamada. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, saboda haka bari in sauko kanmu, mu 'yan sashen Hausa da 'yan wannan ƙungiya. Abubakar Imam da Rupert East sun rubuta Ikon Allah tun kafin mulkin kai, suka bayyana halittu da al'amuran duniya da Hausar da yaro zai gane, ba su da kwamfuta, ba su da farfesa ko ɗaya na Hausa a bayansu. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939 tana bayyana wa mutane yaƙin duniya da cututtuka. Mu kuwa da muke da sassan Hausa a Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina da Maiduguri, me muka ƙara? Mun zauna mun ƙirƙiro kalmomin nazarin harshe da adabi, har an buga littafinsu a 1990, muna da sunan kowace gaɓa da kowane ɗafi, madalla. Amma iskar da muke shaƙa ba mu sama mata sunan da aka yarda da shi ba, kowane gidan rediyo da nasa. Kowace shekara ana rubuta kundin digiri a kan salon mawaƙi kaza da jigon littafi kaza, wani jigon an tatse shi har ya daina ba da nono. Sashen labarin ƙasa kuwa ga shi can, tafiyar minti biyar, ba mai leƙa wani.

Abin da nake nema ba ya bukatar kuɗin Bankin Duniya. Majalisar jami'a ta sa doka cewa duk kundin digiri na biyu da na uku da aka yi bincikensa a garuruwanmu, a kan noma ko ruwa ko ƙasa, sai ya zo da shafi biyu na Hausa, kuma sai ɗalibin ya koma garin da ya yi tambayoyi ya karanta musu a gaban mai gari kafin a sa masa hannu. Sashen Hausa ya karɓi irin wannan fassara a matsayin aikin kundin digiri na farko, malami ɗaya daga Hausa, ɗaya daga kimiyya, su duba tare, don kada daɗin baki ya cinye gaskiya, kada kuma gaskiya ta fito da Hausar da ba mai jin ta. Taƙaitawar rahoton IPCC tana fita da harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, ba Hausa a ciki, ba kuwa wanda zai sa ta in ba mu ba.

Ita kuma wannan ƙungiya, ina roƙon shugabanninta su ware shafi huɗu a fitowa ta gaba, su gayyaci ɗalibai uku daga sashen labarin ƙasa da na aikin gona, mu zauna mu fara da kalmar "yanayi", mu raba mata kayan nan biyu. Abin da muka tsayar mu kai shi kasuwar ƙauye mafi kusa ranar da take ci, mu karanta wa masu sayar da hatsi, in ba su gane ba mu dawo mu sake.